Dokokin zubar da ciki a jihohin Amurka

Dokokin zubar da ciki a Amurka sun bambanta daga jiha zuwa jiha tun ranar 24 ga Yuni, 2022, lokacin da Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Dobbs, ta soke hukuncin Roe na 1973 wanda ya ba zubar da ciki kariyar kundin tsarin mulki, ta kuma mayar da ikon yin doka a kansa hannun jihohi.

Texas da Alabama sun haramta shi kusan baki ɗaya, sai fa idan rayuwar uwa ko lafiyarta na cikin babban haɗari, yayin da Georgia da Florida suka taƙaita shi zuwa kimanin makonni shida, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Oregon da Colorado ba su ƙayyade wa'adi ba. A Michigan a 2022 da Ohio a 2023, jama'a sun kare shi ta ƙuri'ar raba-gardama, wato zaɓen da masu ƙuri'a ke yanke hukunci da kansu, amma irin wannan yunƙuri ya faɗi a Florida a Nuwamban 2024, domin kashi 57 cikin ɗari da ya samu bai kai kashi 60 da ake buƙata ba.