Jiu-jitsu: Makarantar da ake fara koyon sallamawa kafin koyon kaye

Jiu-jitsu wani nau'in kokawa ne da babu naushi ko shuri a cikinsa. Abin da ɗan wasa ke nema shi ne ya kai abokin karawarsa ƙasa, ya danne shi, sannan ya tilasta masa sallamawa ta hanyar shaƙe shi ko lanƙwasa masa wata gaɓa zuwa inda ba ta saba zuwa ba. Wanda ya saba kallon kokawar gargajiya zai yi mamaki a nan. A tamu kokawar, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kirarin wanda ya yi kaye. A jiu-jitsu kuwa kayen maki biyu kacal yake bayarwa, kuma daga nan ne aikin yake farawa.

Sunan na Japananci ne, amma salon da ya cika duniya a yau a Burazil ya girma. Mitsuyo Maeda, ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar Kodokan da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, ya isa Burazil a 1914, daga baya ya zauna a birnin Belém da ke arewacin ƙasar. A can ne wani matashi mai suna Carlos Gracie ya fara koyo. Bisa tarihin da zuri'ar Gracie ke bayarwa, Carlos ya buɗe makarantarsa a Rio de Janeiro a 1925, kuma shi da ƙanensa Hélio suka mayar da hankali kan kokawar ƙasa. Duniya ba ta farga da su sosai ba sai a Nuwamban 1993, lokacin da Royce, ɗan Hélio, wanda bai kai abokan karawarsa jiki ba, ya lashe gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka. Daga nan makarantu suka yi ta buɗewa a ƙasashe, kuma yawancin masu zuwa cikinsu ba 'yan gasa ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai masu zuwa bayan an tashi daga aiki.

Ranar farko

Sabon ɗalibi yakan tarar da zaure mai faɗi da aka shimfiɗe da katifun roba. Doka ta farko da ake gaya masa ba ta shafi faɗa ba: ba a hawa shimfiɗar da takalmi, ba a kuma shiga banɗaki ba takalmi, domin fuskar kowa za ta gogi wannan shimfiɗar kafin a tashi. Ana ba shi riga da wando na auduga mai kauri, waɗanda ake kira gi, a ɗaura masa farar ɗamara. Akwai kuma darussan da ake yi ba tare da gi ba, da riga mai kama jiki da gajeren wando, amma a makarantu da yawa da gi ake farawa, saboda kwalar rigar da hannunta su ma makamai ne: da su ake riƙo, da su ake shaƙa.

Darasi yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Ana farawa da motsa jiki, wanda a ciki akwai wani ja da baya a kwance, ana tura ƙugu gefe, da suke kira tafiyar jatan lande. Babban mutum da ya bar ofis da kwat yakan ji kunyarta a makon farko, alhali kuwa kusan duk wata kuɓuta daga danniya da ita ake yi. Bayan haka malami ya nuna dabara ɗaya ko biyu, ɗalibai su rabu biyu-biyu suna maimaitawa ba tare da turjiya ba. Kashi na ƙarshe shi ne gwabzawa ta gaske, zagaye-zagaye na minti biyar ko shida, ana sauya abokin karawa. Kafin kowane zagaye mutum biyun sukan tafa hannu, su haɗa dunƙulallen hannu, sannan su kama.

Wannan kashi na ƙarshe shi ya bambanta jiu-jitsu da yawancin wasannin kare kai. Da yake babu duka, ana iya gwabzawa da kusan dukkan ƙarfi kullum, kuma babu inda mutum zai ɓoye. Ƙaton da ya zo yana ji da kansa yakan samu kansa a ƙarƙashin wani siriri da ya girme shi da shekara goma, ya yi ta yunƙuri har numfashinsa ya ƙare cikin minti biyu. Mutane da dama ba sa dawowa bayan wannan daren, kuma ba ciwon jiki ne ke hana su ba.

Bugun sallamawa

Ginshiƙin makarantar gaba ɗaya wani ɗan ƙaramin motsi ne. Idan ɗalibi ya ji an kama shi kamun da ba zai iya fita ba, sai ya bubbuga jikin abokin karawarsa da tafin hannu sau biyu ko uku. Idan hannayensa a ɗaure suke, ya buga ƙafa a shimfiɗa ko ya faɗa da baki. Nan take ake sakinsa, a sake farawa kamar ba a yi komai ba.

Dalilin gaggawar a jikin ɗan Adam yake. Shaƙar da ake koyarwa ba maƙogwaro take nema ba, jijiyoyi biyun da ke gefen wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa take matsewa, kuma idan ta kamu da kyau mutum na iya suma cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, sau da yawa ba tare da ya ji zafi mai yawa ba. Kamun gwiwar hannu da na kafaɗa kuwa tazarar da ke tsakanin jin zafi da yagewar jijiya ƙarama ce ƙwarai. Shi ya sa malamai ke nanata wa sababbi su buga da wuri, su buga sau da yawa. Ɗalibi na iya sallamawa sau goma a dare ɗaya a watanninsa na farko, kuma masu baƙar ɗamara su ma suna yi a gaban ɗalibansu.

Tarihin wasan ma ya adana misalin wanda ya ƙi. A Oktoban 1951, a filin wasa na Maracanã da ke Rio, gwanin judo ɗan Japan Masahiko Kimura ya kama kafaɗar Hélio Gracie da wani murɗi. Hélio bai buga ba, sai da ɓangarensa suka tsayar da wasan. Har yau sunan wannan kamun kimura a duk makarantun jiu-jitsu. Ana ba da labarin a matsayin jarumta, amma malamin kirki ba ya son ganin irinta a zaurensa ranar Talata da daddare, a jikin mutumin da gobe zai je kasuwa ko ofis.

Akwai ɗaya ɓangaren yarjejeniyar, wanda ba a cika faɗa ba: wanda ya yi kamun shi ma yana ɗauke da amana. Dole ya matsa a hankali, ya ba ɗan'uwansa sarari ya buga, ya kuma saki ko da bai tabbata an buga ba. Tsofaffin ɗalibai sukan ce mutumin da ya fi haɗari a zaure shi ne sabon shiga mai ƙarfi wanda bai san abin da yake yi ba, domin da fizga da tsoro yake aiki.

Ɗamara da jinkirinta

Ɗamarun manya biyar ne: fara, shuɗiya, shunayya, mai ruwan ƙasa, sai baƙa. Tsakanin kowace ɗamara da mai bi mata akwai zane huɗu na farin salatif da malami ke liƙawa a bakin ɗamarar. Yara suna da nasu launukan, ruwan toka da rawaya da ruwan goro da kore, kuma bisa ƙa'idar hukumar IBJJF, wadda ke shirya manyan gasannin wasan, ba a ba kowa shuɗiya sai ya kai shekara 16. Hukumar ta kuma tanadi mafi ƙarancin lokacin zama a kowane mataki: shekara biyu a shuɗiya, shekara ɗaya da rabi a shunayya, shekara ɗaya a mai ruwan ƙasa. A aikace yawancin mutane sukan kwashe kusan shekara goma kafin su ɗaura baƙa. Ba'amurke B.J. Penn, wanda ya same ta cikin shekara uku da 'yan watanni, ya kuma ci gasar duniya a 2000, har yanzu ana ambatonsa a matsayin abin mamaki.

A makarantu da yawa babu jarrabawa. Malami ne ke kallo, ranar da ya gamsu ya kira ɗalibi gaban jama'a. Wannan yana da kyau ta wata fuskar, domin ba a sayen ɗamara da haddace motsi, amma yana sanya iko mai yawa a hannun mutum ɗaya, kuma ɗalibin da aka tsallake ba shi da inda zai kai ƙara. Wasu makarantun suna da al'adar jera ɗalibai layi biyu su tsula wa wanda aka ɗaga ɗamara a baya yana wucewa. Makarantu da dama sun daina, kuma babu wata dabara da aka rasa saboda dainawar.

Shuɗiyar ɗamara ita ce matakin da aka fi sani da ɓacewar ɗalibai. Mutum ya yi shekara ɗaya ko biyu yana fafutukar samunta, ya samu, sai ya ga masu farar ɗamara sun sa shi a gaba suna neman suna a kansa, na sama da shi kuma sun daina yi masa sassauci. Ci gaban da a da yake gani kowane mako ya koma sai a wata-wata. Idan aure ko sauyin wurin aiki ko ciwon gwiwa ya haɗu da wannan, sai a neme shi a rasa.

Abin da jiki ke biya

Ciwukan yau da kullum ƙanana ne amma ba sa ƙarewa: yatsun da suka kumbura saboda riƙon kwala, wanda ya sa ake ganin tsofaffin ɗalibai suna naɗe su da salatif, da targaɗen yatsun ƙafa, da ciwon haƙarƙari da na wuya. Kunne ma yakan tara jini saboda gogayya, idan ba a zuƙe shi da wuri ba ya daskare ya canza siffa har abada. Cututtukan fata, musamman makero da ƙuraje masu ruwa, suna yaɗuwa da sauri inda ba a wanke shimfiɗa kullum ko inda ɗalibai ke maimaita gi ba wanki. Wanda ya ga tabo a fatarsa, ladabin wurin shi ne ya zauna a gida har ya warke.

Manyan raunuka sun fi zuwa daga faɗuwa da kuma kamun ƙafa. Saboda haka dokokin IBJJF suka hana ɗaga mutum a maka shi da ƙasa a kowane mataki, suka kuma jinkirta wasu kamun gwiwa har sai an kai ɗamara mai ruwan ƙasa. Murɗin diddige, wanda ke yaga jijiyoyin gwiwa tun kafin a ji zafi, haramun ne a gasar da ake sa gi.

Duk da haka doka ba ta maye gurbin hankalin malami. A 2018, a wata makaranta da ke yankin San Diego a Amurka, wani matashi mai farar ɗamara ya karye a wuya yayin da yake gwabzawa da malaminsa mai baƙar ɗamara, wanda ya yi yunƙurin juya shi don ya kama bayansa. Raunin ya shanye masa jiki. A 2023 kotu ta yanke a biya shi diyyar sama da dala miliyan 46. Shari'ar ta raba kan manyan malamai a kan ko dabarar ce ke da laifi ko yadda aka yi ta, amma ta tilasta wa makarantu da dama sake duba abin da ya halatta a gwada a jikin sabon ɗalibi. Mai neman makaranta zai fi amfana da zama ya kalli darasi guda kafin ya biya kuɗi: ya ga ko ana ware sababbi, ko malami na tsaye yana sa ido lokacin gwabzawa, ko kuma ɗalibi na iya cewa ba zai kara da wane ba ba tare da an yi masa dariya ba.

Zumunci da iyakarsa

Mutanen da ke miƙa wa juna wuyansu sau uku a mako sukan shaƙu da sauri, kuma muƙami ba ya hawa shimfiɗa: darakta na iya zama ƙarƙashin makanike, a zahiri. Ba haka abin ya fara ba. Makarantar Gracie ta Rio ta shahara da koyar da masu hali a darussa na mutum ɗaya-ɗaya, yayin da Oswaldo Fadda ya riƙa koyar da 'ya'yan talakawa a unguwannin bayan gari. Mata ma sun daɗe a gefe. Sai a 1990 Yvone Duarte ta zama mace ta farko da ta ɗaura baƙar ɗamara. A yau makarantu da yawa suna da ajin mata zalla. A Abu Dhabi, inda Sheikh Tahnoon bin Zayed ya kafa gasar ADCC a 1998 bayan ya koyi wasan lokacin da yake karatu a Amurka, an shigar da jiu-jitsu cikin darussan makarantun gwamnati tun 2008.

Shaƙuwar tana da nata nauyin. A tsohuwar al'adar Burazil, ɗalibin da ya bar malaminsa ya koma wata makaranta maci amana ne. Carlson Gracie, ɗan Carlos, shi ya laƙaba wa irin waɗannan suna creonte, daga sunan wani mayaudari a wasan kwaikwayon talabijin na Mandala, kuma kalmar ta bi wasan har ƙasashen da ba a taɓa kallon shirin ba. Yanzu abin ya yi sauƙi. Makarantu da yawa suna ware rana guda a mako, galibi Asabar ko Lahadi, da suke buɗe shimfiɗarsu ga kowa daga ko'ina, babu darasi, sai gwabzawa. Baƙon da ya zo yakan gaida mai makarantar tukuna, ya faɗi inda yake koyo da launin ɗamararsa, sannan ya jira a gayyace shi zagayen farko.