Gudun Fanfalaki: Asalin Kilomita 42.195

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsere ne na kilomita 42 da mita 195 a kan titi. Sunansa na Turai, marathon, sunan wani fili ne a ƙasar Girka inda mutanen Atina suka fatattaki rundunar Farisa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wani manzo mai suna Pheidippides ya sheƙo a guje daga fagen daga har cikin Atina, ya yi albishir da nasara, nan take ya faɗi matacce. Saboda wannan labari ake ɗaukar tseren a matsayin gadon Girkawan dā. Hujjojin tarihi kuwa suna nuna cewa ƙirƙirar zamani ce, kuma darajarsa ta samu ne daga tsayayyen awon da aka yi masa a ƙarni na 20.

Herodotus, marubucin tarihin da ya fi kusa da zamanin yaƙin, ya ambaci Pheidippides, amma tafiyar da ya ba da labari daban ce: daga Atina zuwa Sparta neman gudummawa kafin a gwabza, tazarar kusan kilomita 240, kuma ya isa washegari. Bai ce uffan ba game da wanda ya kawo albishir ya mutu. Sai bayan fiye da shekara 500 labarin ya ɓulla a rubutun Plutarch, shi ma da wani suna daban ya kira manzon. Gasar Olamfik ta dā ba ta san tsere mai irin wannan nisa ba. Wanda ya haifi tseren shi ne Michel Bréal, masanin harshe ɗan Faransa, wanda ya ba Pierre de Coubertin, jagoran farfaɗo da Olamfik, shawarar a saka shi cikin gasar Olamfik ta zamani ta farko a 1896, ya kuma ba da kofin azurfa. Ranar 10 ga Afrilu na shekarar, Spyridon Louis, Bagirke mai sana'ar dakon ruwa, ya cinye tseren na kimanin kilomita 40 cikin awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50.

Shekarun farko kowa da nasa mudun. A Paris a 1900 an yi kilomita 40 da 'yan mitoci, a Antwerp a 1920 aka kai 42.75. Tseren St. Louis na 1904 ya nuna irin sakacin lokacin: Fred Lorz ya hau mota ya ci wani babban yanki na hanya, wanda ya yi nasara na gaskiya kuma, Thomas Hicks, masu kula da shi sun riƙa ɗura masa barasa da gubar strychnine don ya jure. Awon da muka sani ya fito ne daga Landan a 1908, inda aka tashi daga fadar Windsor aka ƙare a gaban rumfar sarauta a filin White City, mil 26 da yadi 385. Babu wani lissafin ilimi a ciki, tsarin hanya ne kawai ya kawo haka. Abin da ya kafa shi a zukata shi ne Dorando Pietri ɗan Italiya, wanda ya shigo filin a gaba yana tangaɗi, ya faɗi sau da dama, jami'ai suka tallafe shi ya ƙetare layi. An soke nasararsa aka ba Johnny Hayes na Amurka, Sarauniya Alexandra kuma ta ba Pietri kofi na musamman. A 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da awon Landan.

Mai musu zai ce idan tatsuniya ce tushen, awon kuma dace ne, ai tseren ya rasa ƙimarsa, ko kuma a ce me ya hana a daidaita shi a 40 cif. Amsar ita ce amfanin ma'auni ba ya cikin kyawun adadinsa, yana cikin zamansa daram. Da an sauya shi, da an yanke igiyar da ta haɗa Hayes, mai awa 2 da minti 55, da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya yi awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16 ba takalmi a Roma ranar 10 ga Satumba, 1960. Wannan nasara tana da nauyi na daban, domin hanyar ta bi ta gaban hasumiyar Aksum da Italiya ta kwaso daga ƙasarsa a 1937. A awon nan ne kuma mata suka samu shiga tseren a Olamfik a 1984, lokacin da Joan Benoit ta yi nasara a Los Angeles.

Musu na biyu ya fi ƙarfi: tazara ɗaya ba ta nufin wahala ɗaya, tunda hanya da iska da takalmi sun bambanta. Wannan gaskiya ne, kuma batun takalman zamani har yanzu ana ja-in-ja a kansa. Sai dai an gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Ba a karɓi awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 2 da Geoffrey Mutai ya yi a Boston a 2011 a matsayin tarihin duniya ba, saboda gangaren hanyar da nisan da ke tsakanin mafarinta da ƙarshenta. Haka aka ƙi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 na Eliud Kipchoge a Vienna a 2019, don ba gasa ba ce, kuma tawagar 'yan gudu ce ta riƙa karɓa-karɓa tana tare masa iska. An dai karɓi na Kelvin Kiptum ɗan Kenya a Chicago a 2023, awa 2 da daƙiƙa 35, wato ya riga lokacin Hayes da kusan minti 55 a kan tazara iri ɗaya.