Yadda Ingila ta koyi ƙirga masu jiran tiyata

Ranar 5 ga Yulin 1948 aka buɗe NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, a hannun minista Aneurin Bevan, magani ya zama kyauta ga kowa. Tun ranar farko hukumar ta gaji mutum kusan rabin miliyan da ke jiran gado. Cikinsu akwai masu gwaiwa da yanar ido da makamantansu, irin ciwon da ba ya kisa nan take amma yana hana mutum neman abinci.

Shekara da shekaru kowane babban likita nasa layin daban. Sakatariyarsa ce ke riƙe da katunan a akwati, kuma likitan ne kaɗai ke cewa a kira wane. Sai ka tarar layin wannan ya yi tsawo, na abokin aikinsa a asibiti ɗaya gajere, babu mai haɗa su. Wani ya ƙaura, wani ya rasu, katinsa na nan ana lissafi da shi.

A 1991 gwamnatin John Major ta yi alkawari a rubuce cewa babu wanda zai wuce shekara biyu yana jira. A zaɓen 1997 kuma Tony Blair ya ce zai rage mutum 100,000 daga layin. Da aka matsa wa shugabannin asibiti lamba, wasu suka koma gyaran littafi maimakon yi wa mutane aiki. A 2001 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya gano hukumomin asibiti tara da suka murɗe jerinsu, abin da ya shafi marasa lafiya kusan 6,000. Dabara ɗaya ta fi ban takaici: a gano lokacin da mutum zai yi tafiya, a ba shi ranar tiyata daidai lokacin, in ya ce ba ya gari a ɗage sunansa. Wanda aka yi wa haka yana gida da ciwonsa, yana zaton layi na matsowa.

Gyaran da ya fi amfani shi ne na agogo. A da, ba a fara ƙirga jira sai ƙwararren likita ya rubuta sunanka, don haka watannin neman ganinsa da na jiran hoto da gwaji duk ba sa cikin lissafi. A 2004 aka yanke cewa agogo zai fara bugawa daga ranar da likitan unguwa ya tura mutum, kuma a fara masa magani cikin mako 18. Ƙarshen 2008 aka cim ma haka.

Nasarar ba ta ɗore ba. Rabon da Ingila ta cika ƙa'idar cewa kashi 92 cikin 100 na masu jira kada su wuce mako 18 tun 2016, sannan korona ta sa aka ɗage ayyukan da ba na gaggawa ba. A Satumbar 2023 layin ya haura miliyan 7.7, kodayake masu jiran ba su kai haka ba, domin wani yana jiran aiki biyu ko uku.