Tsohon Harshe a Sabuwar Waya

Kyamarar da ke juya kai hagu da dama, ta ɗaga ta sunkuya, ta kuma janyo abin da ke nesa kusa, ita masu harkar ke kira PTZ. Ana yawan ba da tarihinta kamar sabo ne ya zo ya kori tsoho, wai hanyar sadarwar kwamfuta ta share tsofaffin wayoyi. Duk wanda ya daɗe yana ɗaura waɗannan kyamarori ya san waya kawai aka canza. Harshen da ake ba su umarni da shi ya taso da kayansa, ya tare a sabon gida da halayensa masu kyau da marasa kyau.

A zamanin da, hoto yana bin kebul ɗinsa daban, umarni kuma yana bin wasu siraran wayoyi biyu murɗaɗɗu na tsarin RS-485, masu iya kai saƙo kusan mita 1,200. Kowace kyamara da lambarta, wadda ake saitawa da 'yan mitsi-mitsin makunnai a gindinta, sau da yawa da tsinken biro, mutum yana kan tsani. Harshen da ya fi yaɗuwa shi ne Pelco-D, na kamfanin Pelco da ke Kalifoniya a Amurka. Saƙonsa bayit 7 ne kacal: na farko sallama ce, na biyu lambar kyamara, biyu umarni, biyu gudun juyawa, na ƙarshe jimla don a gane ko saƙon ya lalace a hanya. In aka ce wa kyamara ta juya hagu, juyawa za ta yi ta yi har sai an ce tsaya. Idan wannan “tsaya” ya ɓace, sai dai a tarar da ita tana kallon bango. Sony na Japan ya fito da nasa, VISCA, inda ake jera kyamarori har 7 kamar ayarin raƙuma, saƙo ya bi ta kan ta gaba ya isa ta baya. Ladabinsa ya fi, domin kyamara tana amsawa sau biyu: na ji, sannan na gama.

A 1996 kamfanin Axis da ke Lund a Suwidin ya fitar da Neteye 200, kyamara ta farko da ake jonawa kai tsaye a hanyar sadarwar kwamfuta. Cikakken hoto ɗaya takan bayar a cikin daƙiƙa 17, wanda ba a iya bin ko mai tafiya a ƙasa da shi. Gudun hoto ya ƙaru daga baya, amma jinkiri bai tafi ba, domin sai an matse hoton, an aika, an warware kafin ya bayyana. Mai riƙe da sandar tuƙi yana sakin hannu ne bisa abin da ya riga ya wuce, kyamara ta zarce, ya dawo da ita, ta sake zarcewa. Shi ya sa ƙwararru suka fi dogara da ajiyayyun wurare: lamba 1 ƙofa, lamba 2 mumbari, a danna ta tafi da kanta. Shi ya sa kuma Sony bai jefar da VISCA ba. Ya ɗauki saƙon yadda yake, ya ɗora masa kai mai bayit 8 da lambar jeri, ya tura shi a hanyar sadarwar kwamfuta ta tsarin UDP a ƙofa ta 52381. Gajeren saƙo ba ya ƙara wa hannu nauyi.

Za a ce ai ONVIF, tsarin da ke haɗa na'urorin kamfanoni daban-daban, ya kawo ƙarshen wannan zance. Gaskiya ya yi aiki babba. Axis da Bosch da Sony suka kafa shi a 2008, aka fitar da ƙa'idarsa ta Profile S a 2011, na'urar naɗi ta iya gano kyamarar wani kamfani da kanta, ta juya ta, kuma sai da suna da kalmar sirri. A harkar tsaro shi ne ke gaba, kuma ya cancanta. Amma in ka duba umarninsa na ci gaba da juyawa, da na tsayawa, da na ajiyayyen wuri, za ka ga tunanin Pelco ne sanye da babbar riga ta XML, abin da bayit 7 ke faɗa ya koma ɗaruruwa. Kuma kowane kamfani yakan cika wani ɓangare ya bar wani. A ɗakunan watsa shirye-shirye da wuraren ibada masu yaɗa wa'azi kai tsaye, inda ake son motsi mai laushi, har yau VISCA ake nema a jikin kwali kafin a saya.

Gadon da ya fi damuna shi ne na amana. Tsohon harshe bai san tambayar “wane ne kai?” ba, don a lokacinsa ba mai iya magana da kyamara sai wanda ya shiga ɗakin ya taɓa wayar. Bango ne kalmar sirrin. Yanzu wannan saƙo yana yawo a hanyar da wayoyin salula da kwamfutocin baƙi ke bi, kuma duk wanda ya san adireshin kyamarar yana iya kawar da fuskarta daga ƙofa. Masu cewa ai cikin gida ne kawai su tuna da Mirai a 2016, manhajar da ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗi ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, ta yi amfani da su a watan Oktoba ta durƙusar da kamfanin Dyn mai hidimar intanet. Masu waɗannan na'urori da yawa sun ɗauka nasu ma cikin gida suke. Dalili ke nan mai ɗaura kyamara da ya san aikinsa yake ware wa kyamarori da sandar tuƙi tasu hanyar, ya rufe duk wata ƙofa da na'urar raba intanet ta buɗe da kanta, ya canza kalmar sirri tun kyamarar tana kan tebur, kafin ya jingina tsani.