Daga Idon Basarke zuwa Tauraron Ɗan'adam

Kafin a datse Kwara, masuntan Yawuri ba su jiran wata na'ura ta faɗa musu halin da ruwa ke ciki. Sarkawa da Gungawa sun san kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, wanda damina ke kawowa wajen watan Agusta, ya zo a dame da laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya zube lakarsa a fadamun Mali, ya iso nan garau cikin hunturu. Launin ruwa da warinsa da inda kifi ya gudu ya koma, su ne ma'auninsu.

A 1968 madatsar Kainji ta tare kogin, ruwa ya ja da baya har Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, aka tashi mutum kusan 44,000, tafki ya kwanta a kan gonaki da kushewu. Ruwan da masunci ya gada ya koma masa baƙo. A shekarar ce aka kafa aikin binciken tafkin da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa. Kayan aikin farko ba su da wani kwarjini: kwalaben ɗibar ruwa, ma'aunin zafi, da wani farin faifai da ake zurawa da igiya har sai ido ya daina ganinsa, a auna tsawon igiyar. Wani limamin coci ɗan Italiya ne ya ƙirƙiro faifan a 1865. Idan ka duba da kyau, idon Basarke ne dai aka ɗaura wa igiya.

A can teku kuwa, tsoron mai ne ya tura masana gaba. A watan Maris na 1967 jirgin dakon mai Torrey Canyon ya yi karo da duwatsu a gaɓar Ingila, ya zubar da ɗanyen mai fiye da tan 100,000. Sannu a hankali aka gano cewa mai yana kwantar da 'yan ƙananan igiyoyin da iska ke tayarwa a fuskar ruwa, don haka idan rada ta harbo saƙonta daga sama, wurin da mai ya shimfiɗu sai ya fito baƙi a hoto, ko da dare ne, ko hadari ya rufe. Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai rada na Seasat a 1978, Turai ta biyo da ERS-1 a 1991, daga 2014 kuma hotunan Sentinel-1 suka zama kyauta ga duk mai intanet. Najeriya ta kafa hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai a 2006. Da mai ganga kusan 40,000 ya malale a filin man Bonga da ke tekun Najeriya a Disambar 2011, daga sama aka hango shimfiɗar man, ba sai an jira bakin kowa ba.

To amma Kainji ba ta da rijiyar mai, ba ta da jirgin dakonsa. Nata man ɗigo-ɗigo yake zuwa, daga injin kwalekwale da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, da jarkar da ta tsiyaye a bakin mashaya. Wannan ya fi ƙarfin ganin rada. Tana ma da wani rauni: in iska ta kwanta, lafiyayyen ruwa ma baƙi yake fitowa, ka rantse mai ne. Sauran cututtukan tafkin kuwa ba su hawa sama balle a ɗauki hotonsu. Akwai maganin ƙwari na Gamalin da wasu suka riƙa zubawa don kwasar kifi a banza, duk da dokar 1992 ta haramta su da guba. Akwai zaibar masu wankin zinare a ƙasar Yawuri da Ngaski, wadda ke kwanciya a laka ta shige naman kifi. Abin da ake iya bi daga sama shi ne farin ruwa in ya shigo, da baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure da ta gangaro daga Nijar har aka gitta mata shinge a Zamare.

A ganina, na'urar da ta dace da nan ita ce wadda ake tsomawa cikin ruwa: ƙaramar aba a jikin tulun da ke yawo, tana haska ruwa da wani haske da ido ba ya gani, in akwai mai ya yi ƙyalli, ta aika saƙo ta layin waya. Wurinta mashayar Yelwa ne da ta Wara ranar kasuwa, inda kwalekwale ke jeruwa hanci da hanci, maiƙo mai launin bakan gizo yana lilo tsakaninsu, mai ɗibar ruwa ta sa bayan ƙwarya ta ture shi gefe kafin ta cika bokitinta.