Kasuwar takardun lamunin gwamnati a Nijar

Takardar lamuni shaida ce ta bashin da gwamnati ke karɓa daga bankuna da masu jari, bisa alkawarin biyan ruwa da mayar da uwar kuɗi idan wa'adi ya cika. Nijar na sayar da nata ta hannun hukumar UMOA-Titres, wadda aka kafa a Dakar a 2013, kuma ƙimar kowace takarda mai dogon wa'adi sefa 10,000 ce.

Farashin takarda na faɗuwa idan ruwan da masu saye ke nema ya hau. Babban raunin kasuwar shi ne ƙarancin ciniki, wato wahalar samun mai saye nan take ba tare da karya farashi ba, domin yawancin bankuna na riƙe takardunsu har wa'adi ya cika.

Takunkumin ƙungiyoyin ƙasashen yankin CEDEAO da UEMOA na 30 ga Yulin 2023, wanda ya rufe iyakar Birnin Konni da Illela, ya kuma hana Nijar shiga kasuwar, har ta kasa biyan basussukan da lokacinsu ya yi, ba ta koma ba sai Afrilun 2024.