Me Ya Kashe Kwandastan Biyana?

A watan Yulin 1925, likita Felix Mandl na birnin Biyana a Ostiriya ya tsaga wuyan Albert Jahne, kwandastan jirgin cikin gari, ya ciro wani ƙullutu. Kafin nan ƙasusuwan mutumin sun lalace, har na cinya ya karye. Bayan aikin sai ga shi yana takawa da sanda.

Ƙullutun ba maƙoƙo ba ne, ƙari ne na wata halitta dabam. A bayan halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo akwai wasu 'yan halittu huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, ana ce musu faratairod. Su ke daidaita kalsiyom a jini. In ɗaya ta ƙetare iyaka, sai ta riƙa kwashe sinadarin daga ƙashi, ƙoda ta tara tsakuwa.

Amma sauƙin da Jahne ya samu bai ɗore ba. Bayan 'yan shekaru ciwon ya dawo, Mandl ya sake buɗe wuyan bai ga wani ƙari ba, Jahne ya rasu a 1936. Binciken gawa ma bai nuna tushen cutar ba. To daga ina?

Wasu na ganin wata faratairod ce ta ɓuya. Zancen ba banza ba ne: a Boston, sai a aiki na bakwai, a 1932, aka gano ƙarin wani mai irin wannan cuta, kyaftin Charles Martell, a cikin ƙirji. Sai dai wannan bai bayyana shekarun sauƙin Jahne ba, sai in ƙari na biyu ne ya tsiro daga baya.

Wasu kuma sun ce tun farko sankara ce. Ba ta kai kashi 1 cikin 100 na masu irin wannan cuta ba, ko a madubin likita da wuya a bambanta ta da ƙari mara illa, kuma dawowa bayan shekaru halinta ne. Nan hankalina ya fi karkata. Matsalar ɗaya ce: in ta bazu, yaya aka yi masu binciken gawa ba su gan ta ba? Ƙila ƙanƙanta ta yi, amma "ƙila" ba hujja ba ce.

Abin da babu ja a kansa shi ne alamomin. Mai fama da ciwon ƙashi, tsakuwar ƙoda da ƙishirwar da ba ta yankewa, ko da wuyansa bai kumbura ba, ya nemi a auna masa kalsiyom na jini.